Daga Gurmi zuwa Orgu

Ɗan'uwa mai karatu, yau ba zancen gero ko taki za mu yi ba. Zancen kiɗa ne. Kada ka ce wanga ba naka ba ne. Tuna bikin da ka je na baya-bayan nan. Wa ya yi kiɗa? Makaɗi ne da kalangu a hammata, ko yaro ne da akwati da wayoyi da manyan lasifika? A garuruwa da yawa, yaron ne.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne ɗan ƙanena. Yaron ya iya gurmi. Wurin kakansa na wajen uwa ya koya. Bana ya zo ya same ni, ya ce: "Baba, zan rataye gurmi. Ina so in saida ragona in sayi orgu. Mai gurmi ba ya samun kira yanzu." Ya nemi shawarata. Ban ba shi amsa nan take ba. Na ce ya ba ni kwana bakwai. Cikin kwanakin na zauna na saurari kiɗan mutum uku, dukansu ƴan ƙasarmu, waɗanda suka riga shi bin wagga hanya. Abin da kunnena ya ji shi zan gaya maka. In ka ga na yi kuskure, kai ma kana da kunne.

Da farko, mene ne orgu? Akwati ne dogo mai haƙora farare da baƙaƙe. A Najeriya fiyano suke ce masa. Ba shi da tsirkiya, ba shi da fata, ba shi da ƙwarya. Wutar lantarki ce ke yin ƙarar. Ka danna haƙori, murya ta fito. Ka ɗaga yatsa, ta ɗauke. Cikin cikinsa kuma akwai wani ɗan inji mai kwaikwayon ganga. Ka murɗa maɓalli, ya kama bugu shi kaɗai, ba gajiya, sai in wuta ta ƙare. Ke nan mutum guda na iya yin aikin mutum biyar.

Na farkon da na saurara shi ne Mamman Sani Abdullahi. In kai dattijo ne, ka san kiɗansa, ko da ba ka san sunansa ba. Shekaru da yawa radiyo da talabijin na ƙasa suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri. Wannan ɗan kiɗan mai sanyi da ake ji kafin mai magana ya dawo, sau da yawa nasa ne. Malamin makaranta ne da farko, ya kuma yi aiki da hukumar UNESCO. A wajen wani taro ya gamu da wani wakili na ƙasar Ruwanda, wanda ya zo da orgu ƙirar Italiya mai suna Orla. Mamman ya lallashe shi har ya saida masa. A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar murya na radiyon ƙasa a Yamai, ya ɗauki kiɗansa. Aka fitar da kaset mai suna "La Musique Électronique du Niger", wato kiɗan lantarki na Nijar. Kaset wajen 100 kawai aka buga.

To, me ke cikin kaset ɗin?

Abu na farko da za ka lura, mutumin ba ya gaggawa. Hannun hagu ya riƙe murya guda mai kauri, ya daɗe a kanta. Hannun dama yana yawo a sama, ya tafi ya komo, ya sake tafiya ya komo. Ɗan injin ganga yana can ƙasa yana ƙwanƙwasa a hankali. Saurari wanda ya sa wa suna "Salamatu", ko "Lamru". Ba za ka tashi ka yi rawa ba. Za ka zauna ne, ka yi shiru, kamar mai tsaron garke da maraice.

Ni a ganina, nan ne gwanintarsa take. Orgu yana da muryoyi iri-iri. Wanda ya same shi sabo, yakan so ya danna kowane maɓalli don a san ya mallaka. Mamman bai yi haka ba. Ya ɗauki kaɗan ya bar saura. Kuma bai tafi Turai neman karin waƙa ba. Da yawa cikin karin da ya buga, na gida ne, irin na makiyaya da na ƙauye, ya maida su bisa haƙoran akwatin. Shi ya sa ko tsohuwar da ba ta taɓa ganin orgu ba, in ta ji, ba ta jin baƙo ne ya shigo gida. Akwatin na Italiya ne, amma tafiyar kiɗan tamu ce: a maimaita abu guda, a riƙa sāke shi kaɗan-kaɗan, yadda mai gurmi ke yi. Kunnen da ya yi wanga aiki ya sha kiɗan gida tun kafin ya ga akwatin.

Amma ba zan ɓoye maka aibin ba. Ɗan injin gangar nan kurma ne. Ba ya jin kowa. Yadda ya fara, haka zai ƙare. In ka saurari kaset ɗin daga farko har ƙarshe, akwai inda kunne ke gajiya da shi. Sai ka ji kana marmarin hannun mutum, wanda zai ɗan yi jinkiri, ko ya ɗan yi sauri, ko ma ya yi kuskure.

Bari mu daɗe kaɗan a nan, don nan ne gindin maganar.

Ka taɓa zuwa gayya? Ka san yadda mai gangar noma ke yi. Idonsa na kan manoma. In ya ga kuyya ta yi nisa, ƙarfi ya fara raguwa, sai ya ƙara wuta. In ya ga wani saurayi ya fita gaba, sai ya bi shi da takensa, saurayin ya ji kansa ya yi girma. Haka a dandali. Yarinya ta shigo fage, mai kalangu ya dubi ƙafarta. Ita ke bin kiɗa, kiɗa kuma na bin ta. Ba ka iya cewa ga mai ja, ga wanda ake ja. Inji bai san wannan ba. Da inji, kowa shi zai bi. Gurgu da mai tsalle, bugu ɗaya.

Sannan kalangu magana yake yi. Ka san Hausa tana da hawa da sauka.  Mai kalangu yana matse igiyoyin da hammata, fata ta ɗaure, murya ta hau. Ya saki, ta sauka. Da haka yake kiran sunan mutum, ya yi masa kirari, kowa ya gane, ba tare da ya buɗe baki ba. Goge ma haka. Tsirkiya guda ce ta gashin wutsiyar doki, amma yatsa na zamewa bisanta, murya ta yi kuka, ta lanƙwasa, ta bi ta inda ta ga dama. Gurmi ma wuyansa sumul yake, ba a yi masa matakai ba.

Orgu kuwa tsani ne. Daga murya zuwa ƴar'uwarta ta sama, matakai 12 ne, farare 7, baƙaƙe 5. Ko ka taka wannan, ko ka taka wancan. Tsakaninsu ba wurin sa ƙafa. Yawancin waƙoƙinmu matakai biyar suke bi, shi ya sa suke shiga orgu ba wuya. Amma ba daidai wa daida suke shiga ba. Akwai ɗan abin da ake aske musu. Wanda ya saba da goge yana jin wurin da aka aske. Gaskiya ne, orgu na yanzu da yawa suna da wani ɗan gare-gare a gefe, wanda ake murzawa don murya ta lanƙwasa. Sai dai masu kula da shi kaɗan ne. Na sha tsayawa bayan masu orgu a biki ina kallon hannunsu. Da wuya ka ga yatsa ya je can.

Kaset ɗin Mamman Sani ya yi shekara 35 kafin duniya ta ji shi. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai da ake kira Sahel Sounds, ya ci karo da shi a Yamai. A 2013 ya sake buga shi. Daga nan aka fara gayyatar Mamman Turai. Wani abin mamaki: a Kamaru ma an yi irinsa, shi ma ma'aikacin UNESCO ne. Sunansa Francis Bebey, gwanin gita. A 1974 ya bar aikin ofis, ya tara injuna a ɗakinsa a birnin Paris, ya riƙa haɗa su da kayan kiɗan Afirka har ya rasu a 2001. Wannan a gefe ne. Mu koma gida.

Mutum na biyu shi ne Mdou Moctar, Ba'abzine, ɗan jihar Tawa, daga yankin Cintabaraden da Abalak. Labarinsa ya fi kusa da na ɗan ƙanena. Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba. Da hannunsa ya haɗa gitarsa ta farko, da katako da wayoyin birkin keke. Bahago ne. A 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka tara da sunan "Anar". A lokacin, kiɗan finafinan Hausa ne ke tashe a ɗakunan ɗaukar murya na Arewa. Kiɗan nan kusan duka da orgu ake yin sa. Sai aka yi wa Mdou irin aikin da aka saba: aka sa masa gangar inji, aka kuma bi da muryarsa ta cikin Auto-Tune.

Ka san Auto-Tune, ko da ba ka san sunan ba. Ita ce ke sa muryar mawaƙi ta riƙa rawa kamar ƙarfe, ka kasa gane namiji ne ko mace, yaro ne ko babba. A Amurka aka ƙirƙiro ta, ta fito a 1997. Asalin aikinta gyara ne. In mawaƙi ya ɗan kauce, sai ta jawo muryarsa ta aza bisa matakin da ya fi kusa. In aka murɗa ta da ƙarfi, murya ba ta zamewa kuma, sai dai ta yi tsalle daga mataki zuwa mataki. Wato an ɗauki maƙogwaron mutum an maida shi orgu.

Ga hukuncina a kan "Anar". Gitar da ke ciki tana da rai. Kana jin yatsa bisa waya, kana jin yaro mai abin faɗi. Muryar kuwa, an rufe ta. Tamkar kyakkyawar yarinya ce aka shafe da hoda har ba ka ganin fatarta. Akwai waƙoƙin da abin ya yi kyau, don muryar ƙarfen ta ƙara musu kewa, kamar mai kira daga nesa cikin iska. Amma in aka jera su duka, sai su fara kama da juna.

Duk da haka, kada mu yi butulci. Wannan kiɗan na inji shi ya fid da yaron. Ba a saida "Anar" a kanti ba. Daga salula zuwa salula ya bi, daga ɗan kati zuwa ɗan kati, har ya ƙetara Mali da sauran ƙasashen Sahara. A can Kirkley ya ji shi. Waƙarsa "Tahoultine" ta shiga wani faifai na kiɗan wayoyin Sahara da ya fito a 2011. Da bai je Sakkwato ba, wa ya san inda zai tsaya?

Abin lura shi ne abin da ya yi bayan ƙofa ta buɗe. Bai zauna cikin inji ba. Ya nemi abokan kiɗa, da mai ganga na jini da tsoka, ya riƙe gitar lantarki. Ka lura, gitar lantarki dabam, kiɗan inji dabam. Ita gitar, wuta ƙara mata murya kawai take yi, amma yatsa ne ke aikin. A 2024 suka fitar da faifai mai ƙara da zafi, "Funeral for Justice". A 2025 kuma suka fitar da "Tears of Injustice": waƙoƙin nan ne dai, amma an sake buga su da gitar katako, cikin sanyi. In ka sami hali ka saurari biyun a jere. Ni na biyun ya fi shiga raina, don a nan ake jin kalmomi, ake jin numfashi. Samari za su ce na farko. Ba mu yi faɗa ba.

Na ukun sunansa Hama, mutumin Yamai. A wancan lokacin direba ne, kiɗa a lokacin hutu yake yi. Ya fara da ƙaramin orgu ƙirar Yamaha, daga baya ya koma kwamfuta. Shi ma ta ɗan katin salula kiɗansa ya bazu, mutane na ji ba su san mai shi ba. Faifansa "Houmeissa" ya fito a 2019. Hama bai yi ƙoƙarin ɓoye inji ba. Bai ce wa akwati ka zama gurmi ba. Ya bar shi ya yi ƙararsa ta ƙarfe, mai walƙiya, amma ya sa shi gudu bisa karin Abzinawa da na gida. Wannan ya burge ni. Abin da na fi ƙi shi ne orgu mai ƙaryar kalangu. Ka ji wani "kalangu" na fitowa daga lasifika, ba hawa ba sauka, bai san sunan kowa ba. Wannan kamar gunkin tsoron tsuntsaye ne a gona: ga riga, ga hula, ba mutum. Gara inji ya tsaya a injinsa. Inda Hama ya gaza kuwa, wani lokaci yakan cika wuri da yawa, muryoyi bisa muryoyi, har ka rasa inda za ka huta. A nan Mamman Sani ya fi shi haƙuri.

Yanzu zancen ciki. Ɗan ƙanena bai yi ƙarya ba. Mai biki yana lissafi. In ya kira makaɗa, mutum biyar ne ko shida, da abincinsu, da kuɗin motarsu, da kari. In ya kira mai orgu, mutum guda ne da yaronsa. Wani ma ba ya kiran mai orgu, ɗan kati kawai ake sawa. Kada ka zargi mai biki, shekarun nan ba su da sauƙi. Amma ka san inda abin ke tafiya. Makaɗi huɗu sun kwana ba su samu ba. Mai ɗaurin ganga bai samu ba. Mai neman fatar guza bai samu ba. Ɗan makaɗi ya ga ubansa zaune, ya ce shi ba zai gaji wagga sana'a ba. Ranar da tsohon ya kwanta dama, taken gidanku da ke cikin kansa ya bi shi. Ba a rubuta shi ko'ina ba. Kai da ka koyi karatu yanzu, ka san bambancin abin da aka rubuta da abin da aka bari a ka.

Shi ma mai orgu ba a kan gado yake ba. Akwatinsa na son wuta. A ƙauyen da ba lantarki, sai injin wuta da mai, ko batir da allon hasken rana. Ƙura na shiga haƙoran. In wani abu ya ƙone a ciki, sai birni, wani lokaci ma ba a samun mai gyara. Gurmi kuwa, in tsirkiya ta tsinke, kafin a gama shan fura an ɗaura wata.

Akwai wanda ya bi hanyar ta baya, ya kamata ka san shi. Malam Mamman Barka, mutumin Tesker, shi ma malamin makaranta ne, kuma gwanin gurmi. Ya ji labarin biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya 5 mai kamar jirgin ruwa, na Buduma masunta na tafkin Cadi. Masu iya shi sun ƙare, sai tsoho guda, Bukar Tar. A 2002 Malam Barka ya tafi can ya zauna gabansa ya koya. Tsohon ya rasu, biram bai rasu ba. Malam Barka ya kai shi ƙasashen duniya kafin shi ma ya rasu a 2018. Da ya yi jinkirin ƴan shekaru, da yau sai dai mu ga biram rataye a gidan tarihi, ba mai sanin yadda yake kuka. Orgu kuwa, ko yaushe ka je kasuwa da kuɗinka, akwai wani.

Da kwana bakwai suka cika, yaron ya dawo. Na ce masa: "Ragonka ne, saida abinka. Sayi orgu, ka ci abinci. Amma sharaɗi biyu. Gurmi ba za a rataye shi ba. Kuma duk ranar Juma'a da yamma za ka je wurin kakanka da salularka, ka ɗauki take guda, ka rubuta sunan mai taken da garinsu a littafi." Ya yi dariya, ya ce: "Baba, wannan ai aikin lakwal ne." Na ce shi ne.

Ya sayi orgun, na hannu ne, haƙori ɗaya ba ya kuka. Watan jiya na je wani suna inda ya yi kiɗa. Ya kunna gangar inji, ya yi ta danne-danne irin na kowa, ƴanmata na rawa. Ban ji abin da ban saba ji ba. Can wajen la'asar wata tsohuwa ta shigo fage. Na ga ya dube ta. Ya kashe gangar, ya jawo gurmi daga ƙarƙashin tebur, ya kara shi ga makirfo, ya bar hannun yaronsa bisa haƙori guda mai kauri. Ya buga taken mijinta, wanda ya rasu shekarun baya. Tsohuwar ta tsaya cik. Sannan ta kwance bakin zanenta.

Littafin kuwa, na duba shi ranar. Take 9 ya rubuta. Kakan ya ce saura da yawa.